Takardar Sallamar Iro Da Na Ƙi Sa Wa Hannu

Na manta sunayen shugabanni da yawa da na yi aiki a ƙarƙashinsu, amma ranar da aka ajiye mini takardar sallamar Malam Iro a kan tebur aka ce in sa hannu, wannan tana nan daram a kaina. Tunda ku matasan ma'aikatan lafiya kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aiki kafin a tashi, to shi zan ba ku. Duk waɗanda ke cikinsa sun riga mu gidan gaskiya, sunayen ma na sauya su, don haka kada wani mai bin ƙwaƙwaf ya tafi Kura yana tambaya.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da ake ta haƙa hanyoyin ruwa don noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Ni a lokacin mataimakin ɗakin magani ne, abin da mutanen ƙauye ke kira malamin asibiti. Ni ba likita ba ne, amma inda babu likita ni ne komai: in ɗaure ciwo, in ba da ƙwaya, in yi allura, in rubuta wa ma'aikaci hutu. Aro aka ba da ni ga wani kamfani da ya karɓi kwangilar aikin. Sun gina ɗakin shan magani mai ciki biyu a gefen barikin leburorinsu. Likita na gaske, Dakta Bello, sau ɗaya a wata yake zuwa daga birni ya duba abin da ya fi ƙarfina.

Ciwon da ya fi damunmu shi ne tsargiya, wato fitsarin jini, saboda mutane kullum suna cikin kanal, wannan babbar hanyar ruwa. A wancan zamani allura muke yi mata. Ku da kuka tarar da sirinjin roba, a yi sau ɗaya a jefar, ba za ku gane ba. Namu na gilashi ne, guda biyu gare ni, da allurai biyar. Ƙa'ida ita ce a tafasa su a kan risho, a bar su su daɗe suna tafasa, bayan kowane mutum ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da ke cikin littafi.

Wata shekara bayan kaka, aka ce a yi wa duk masu tsargiya allura a rana ɗaya, don kada aiki ya tsaya. Mutum arba'in da wani abu suka yi layi. Na tafasa kayana da safe tsaf, ina saukewa kananzir ya ƙare. Na aika ofis, aka ce mai riƙe da makullin sito ya tafi Garun Malam. Manajan kamfanin ya leƙo ya ce motoci na jira, in yi sauri. Sai na yi abin da na ga ana yi: in sauya allura, in ɗauraye sirinji da ruwan zafi daga filas, in ci gaba. Allurai biyar, mutum arba'in, ku yi lissafin da kanku.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ba wanda ya taɓa rubuta ta. Babba ake fara yi wa. Shugaban leburori, wanda ake kira heluma, shi ne Baba Tanko, dattijo ƙaƙƙarfa mai murya, wanda yake alfahari cewa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa kwanciya ciwo ba. Shi ya fara miƙo hannu, kamar yadda aka saba, saboda a ganinmu girmamawa ce a ba shi allurar da ta fito daga tukunya da zafinta. Bayansa sai manyan leburori bi da bi. Ni da kaina na ce, “Heluma, bismilla, kai ne farko.”

Wata uku ko fiye suka wuce, har na manta. Ana shirin girbin alkama sai ga Malam Iro an kawo shi a kan keke. Shi ne mai tsaron ƙofar ruwa, wanda ke buɗe wa gonaki ruwa ya rufe, mutum shiru-shiru mai 'ya'ya shida, kuma ɗakin da iyalinsa ke ciki na kamfani ne. Idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa kamar ruwan shayi, ko ƙamshin miya ya ji sai amai. Shawara ce, kowa ya gani ya sani. Na ba shi hutu, na ce a rage masa maiƙo. Kafin mako uku, mutum shida suka biyo shi.

Nan fa magana ta tashi a bariki. Iro ne ya fara, Iro ne ke shiga ruwa yana juya ƙofa, kuma daga wannan kanal ɗin ake ɗibar ruwan sha. Ba zan ce zargin wauta ba ne, domin akwai irin shawarar da ƙazamin ruwa ke kawowa. Baba Tanko ya tsaya kai da fata cewa sai an raba Iro da ruwa, an raba shi da bariki. Ya kai magana ofis, ya ce in ba haka ba leburorinsa za su ajiye shebur.

Ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. Matan bariki da yara ruwan nan suke sha, har da matar Iro da ke wanke masa kwano, amma ko ɗaya ba ta yi rawaya ba. Maza ne kawai. Na ɗauko littafin da nake rubuta marasa lafiya, na buɗe shafin ranar allura. Sunayen mutum bakwai ɗin nan duk suna ciki, kuma duk a sama-sama, kusa da farkon layi. Iro shi ne na uku. Wallahi nan take na gane hannun da ya raba ciwon nan nawa ne.

Washegari da hantsi Manaja ya shigo da kansa, Heluma na biye da shi. Tsarin aikin shi ne, ba a sallamar ma'aikaci saboda rashin lafiya sai ma'aikacin lafiya ya cika takarda ya ce ba zai ƙara iya aiki ba. Likita ya kamata ya sa hannu, amma in ba ya nan, nawa ya wadatar. Takardar an riga an buga ta da tafireta, suna da komai, wurin hannuna kawai aka bari.

Manaja ya ce, “Malam Habu, sa hannu nan, ina sauri.”

Na karanta ta daga sama har ƙasa, a hankali, da gangan. Na ce, “Yallaɓai, an rubuta ba zai warke ba. Wa ya duba shi ya faɗi haka?”

“Kai za ka faɗa. Shi ya sa aka kawo maka.”

“To ni ban ga haka ba. Jiya ya sha kunu ya zauna masa.”

Baba Tanko ya ce, “Yaro, mutum bakwai a kwance, kana maganar kunu? So kake ya ƙarar da mu?”

Na ce, “Baba, ba Malam Iro ya ba su ba. Shi ma ba shi aka yi. A ɗakin nan aka ba su, ranar allurar tsargiya, ranar da babu kananzir.”

Manaja ya tura ƙofa ya rufe, ya rage murya. Ya ce in yi wa kaina faɗa, ni yaro ne mai gaba, maganar nan in ta fita ni za ta fara ci. Ya ce lebura ɗaya ne, zai koma ƙauyensu ya yi noma, shi ke nan an huta. Gaskiya ya faɗa cewa ni za ta ci, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Auren fari na yi a lokacin, ina jiran ƙarin girma. Amma da ya ce “lebura ɗaya ne”, sai raina ya ɓaci fiye da tsoron. Na ɗauki biro, na ja layi a kan abin da suka buga, na rubuta a ƙasa cewa ma'aikacin yana bukatar hutu kuma ana sa ran zai warke. A nan na sa hannu.

Na ce, “Yallaɓai, ga hannuna. In wani kake so, ka jira Dakta.”

Ya ɗauki takardar ya ninke, ya ce zan gani. Na ce Allah ya kai mu.

A ranar na zauna na rubuta wa Dakta Bello rahoto, ban rage komai ba: yawan mutane, yawan allurai, ruwan filas, da jerin sunaye yadda suka tsaya a layi. Na ba direban motar da ke ɗaukar siminti ya kai birni. Kwana huɗu sai ga Dakta, ba a ranarsa ba. Bai yi mini ta daɗi ba. Ya wanke ni tas a gaban tukunyar tafasa, ya ce gara in kori layin gaba ɗaya da in yi abin da na yi. Da ya gama sai ya ce, “Amma ka yi daidai da ka rubuta. Kawo mini mutum goma sha biyu na farkon layi, masu ciwo da marasa ciwo.”

A lokacin wani sabon gwaji ya shigo manyan asibitoci, wanda ke nuna alamar ƙwayar ciwon hanta a cikin jini. Dakta yana da aboki a ɗakin gwaji na wani babban asibiti. Muka ɗebi jini, muka sa a filas da ƙanƙara. Baba Tanko da ƙyar ya yarda, yana cewa a ɗebi jinin masu ciwo mana, shi me ya haɗa shi. Dakta ya shiga ofis ya gaya wa Manaja cewa ba a yanke hukunci a kan irin wannan sai an sake gwaji bayan wata shida, kuma kafin nan ba mai taɓa aikin Iro ko ɗakinsa. Manaja ya haɗiye maganar, amma ni ya huce a kaina. Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ƙarin girmana, aka rubuta a mayar da ni wani ƙauye can bayan Bunkure da zarar an samu wanda zai canje ni.

Watannin nan shida ba su yi daɗi ba. Leburori suka daina gaishe ni, wasu don na ba su ciwo, wasu don na hana a kori Iro. Matar Iro in ta je ɗibar ruwa sai a dare a bar ta ita kaɗai. Na riƙa zuwa ɗakinsu ina duba shi, in ci abincinsu a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Wata rana ya ce mini, “Malam, ka sa musu hannu mana in tafi. Ka jawo wa kanka.” Na ce, “Malam Iro, in ka tafi, da sunan me za ka tafi? Wanda ya zuba wa mutane ciwo a ruwa? Wane gari ne zai ba ka ƙofa ka tsare?” Bai ƙara tayar da maganar ba. A hankali idonsa ya washe, ya fara neman tuwo da kansa.

Ƙarshen damina aka sake ɗibar jini. Da sakamako ya dawo, Dakta ya kira ni ciki ya shimfiɗa takardu biyu. A gwajin farko, masu shawara bakwai duk suna da alamar. A na biyu, shida ta ɓace musu ƙaf, har da Iro. Mutum ɗaya ta zauna masa, kuma wannan mutum ina ɗauke da shi a raina har gobe. Sai Dakta ya ɗora yatsa a kan suna na farko a layi. Baba Tanko, wanda bai yi ko ciwon kai ba, yana da ita a gwajin farko, yana da ita a na biyu.

Na ce, “Dakta, ta yaya? Mutumin da ko rawaya bai yi ba?”

Ya ce abin da likitoci suka fara ganowa ke nan. Rawayar nan da amai da muke tsoro, alamar faɗa ce. In ƙwayar ta shiga jikin babban mutum, jiki yana gane baƙuwa ce, sai ya tashi ya yaƙe ta a cikin hanta. Hantar tana wahala a faɗan, shi ya sa ido ke rawaya, amma galibi jiki ke cin nasara, ya kore ta, kuma ba ta ƙara kama shi. In kuwa ta shiga jikin jariri, daga uwa wajen haihuwa, ko daga askar da aka yi wa wani tsaga da ita, jikin bai koyi bambance na gida da na waje ba tukuna. Kamar yaron da ya buɗe ido ya ga wani mutum a gidansu ne, ba zai taɓa tambayar daga ina ya zo ba. Sai ya bar ta ta zauna. Ba rawaya, ba zazzaɓi, mutum ya girma da ƙarfinsa, ita kuwa tana nan cikin jininsa, tana cin hanta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru.

Wato allurar da na ba Baba Tanko da zafinta don girmamawa, ita da sirinjinta daga jikinsa suka fito da abin da na raba wa na bayansa.

Dakta ya ce ni zan gaya masa, tunda ni na san shi. Na same shi bayan la'asar a bakin kanal, na ja shi gefe ƙarƙashin wata tsamiya. Na yi masa bayani yadda zan iya. Ya yi dariya tukuna. Ya ce, “Ni? Kai yaro, ni da ban taɓa kwanciya ba?” Na ce, “Baba, abin ke nan. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, me ya yi ajalinta?” Can ya ce cikinta ne ya kumbura. Na ce akwai wani kuma? Ya ce wansa, uwa ɗaya, shi ma haka, aka ce sammu ne. Sai ya zauna a kan saiwar tsamiyar, hula a hannu.

Ya ce, “Akwai magani?”

Na ce, “A yanzu babu. Amma ka riƙe askarka kai kaɗai wajen wanzami, kada ka ba da jini, kuma allurar da ta shiga jikinka kada ta taɓa wani.”

“Za ka gaya musu?”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ta saƙa wannan a raina. Da na faɗa, da bariki ta juya kansa ta sake ni. Amma me ya yi? Jariri ne aka ba shi, bai sani ba. Tafasa allura aikina ne, ba nasa ba. Na ce, “Baba, jininka sirrinka ne. Abu ɗaya nake so. Kai ka kai ƙarar Malam Iro ofis, kai za ka je ka janye ta.”

Washegari ya je. Ban san abin da ya gaya wa Manaja ba. Abin da na sani, ran Litinin Malam Iro ya karɓi makullin ƙofarsa, kuma Baba Tanko da kansa ya ɗebi ruwa a kanal ɗin ya sha a gaban leburori.

Wanda zai canje ni bai iso ba sai bayan kaka, don haka ni na sake yin allurar tsargiya ta wannan shekara. Na ce sai an ajiye mini kananzir a gabana kafin in buɗe ƙofa, kuma bayan kowane mutum sai an tafasa. Abin da aka saba gamawa kafin azahar ya ci kwana uku. Manaja ya zo yana faɗa, na nuna masa tukunya na ce, “Yallaɓai, ita za ka yi wa magana, ni na riga na karɓi takardata ta tuhuma.” Da aka yi layi ranar farko, aka buɗe wa Heluma hanya kamar kullum, sai ya wuce can baya ya tsaya. Mutane suka yi ta cewa ya shigo gaba. Malam Iro, wanda bai san komai ba, ya je ya kama hannunsa ya ce, “Haba Heluma, girmanka ne.” Ya ce, “Iro, je ka. Na daɗe ina wucewa gaba, ya isa.” Kwana ukun nan a baya ya tsaya, shi na yi wa a ƙarshe.

Na tafi ƙauyen da aka tura ni, na yi shekara huɗu, abokan karatuna duk suka wuce ni a muƙami. Ban taɓa rubuta takardar neman afuwa ba. Laifin allura na amsa shi da bakina, amma ƙin sa hannu ba laifi ba ne, kuma ba zan roƙi kowa a kansa ba. Baba Tanko ya rasu bayan wasu shekaru da kumburin ciki irin na mahaifiyarsa. Malam Iro yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ku yanzu kuna da rigakafin da ake yi wa jariri tun ranar haihuwa, kuna da gwaji a kan tebur, kuna da magunguna. In na ji ɗayanku ya ce uwa ta dawo wani mako don yau layi ya yi yawa, sai in ji kamar in ƙwace rigar aikin daga jikinsa. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mai rawayar ido da kowa ke gudu sau da yawa shi ne wanda jikinsa ke yin abin da ya kamata, wanda ba a ji ɗuriyarsa ba shi ya fi bukatar a neme shi. Kuma za a kawo muku takarda wata rana, an riga an buga, wurin hannunku kawai aka bari. Ku karanta ta har ƙasa. Malam Iro ya yi shekara goma sha tara yana buɗe wannan ƙofar ruwa bayan ranar da aka rubuta cewa ba zai ƙara iya aiki ba.